Ruwan da za ka ba mesar da kake kiwo a Kano, da irin ɗumin da ya dace da shi

Wani bawan Allah daga Rijiyar Zaki ya aiko da tambaya. Yana kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙule jikinta ta ɓoye kai idan ta tsorata. Famfon unguwarsu sai ya ga dama yake zuwa, don haka ruwan 'yan garuwa da na leda gidan ke amfani da shi. Yana son sanin wanne ya fi aminci ya ba ta, ko ya dace ya jefa mata ƙanƙara da bazara, ko ya ɗumama mata ruwan da hunturu.

Malam, amsar a taƙaice ita ce: ruwan da za ka ɗauka ka sha da kanka ba tare da ɗar-ɗar ba, shi za ka ba ta, sabo kowace rana, ba ƙanƙara, ba na fulas. Ɗuminsa ya kasance na ɗakin da ke cikin inuwa, wato tsakanin digiri 22 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyas. Sai dai a Kano kowace gaɓa ta wannan amsar tana da ƙura, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Bari mu fara da ita dabbar. Wannan mesar ba baƙuwa ba ce, 'yar yankinmu ce ta Afirka ta Yamma, kuma daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da mafi yawan waɗanda ake kaiwa Turai da Amurka. Mutane suna jin haka sai su ɗauka ai zafin Kano ba zai dame ta ba. A daji kuwa ba a filin rana take yini ba. Ramin ɓera ko na gafiya ko cikin suri take shigewa, inda akwai danshi kuma zafin bai cika hawa da sauka ba, sai dare ya yi ta fito. Akwatin da ka ajiye ta ba shi da wannan kariyar. Jikinta kuma ba ya samar da ɗuminsa kamar namu ko na kaza, abin da ke kewaye da ita shi ke ɗumama ta, shi ke sanyaya ta. Ga shi maciji ba sha kawai yake yi a kwanonsa ba, yana shiga ciki ya kwanta, wani lokaci ma ya yi kashi a ciki. Saboda haka kwanon nan randa ce, wurin wanka ne, wani lokacin kuma masai. Duk shawarar da zan ba ka daga nan ta samo asali.

Idan famfo ya zo, ruwan da aka tace a Tamburawa ko Challawa ya wadatar. Abin da masu kiwo ke tsoro a cikinsa shi ne sinadarin kulorin, kuma a ganina tsoron ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a sami kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo, kuma wannan ba ya cutar da maciji mai lafiya. Kifi da kwaɗo ne ba sa jure shi, don su ta jikinsu ruwan ke ratsawa. In dai hankalinka bai kwanta ba, tari ruwan a bokiti mai tsabta, ka rufe bakinsa da ƙyalle mara kauri, ya kwana ya yini. Kulorin zai fice da kansa. Abin da ya fi damuna da ruwan famfonmu shi ne na farko-farkon zuwansa bayan an yi kwanaki babu. Bututun da ya daɗe babu ruwa, ga shi yana ratsa kwata, yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta inda ya tsage. Ka bar wancan jan ruwan na farko ya zube a wanki, sai ya washe ka tara.

Ruwan 'yan garuwa kuwa ba iri ɗaya ba ne, don ba daga wuri ɗaya suke ɗebowa ba. Tambayi mai kawo maka inda yake ɗiba. In rijiyar burtsatse ce mai zurfi, da sauƙi. In rijiyar gida ce mara zurfi, musamman a unguwannin da gidaje suka cushe, inda rijiya da masai ke kallon juna, to akwai magana. Ƙa'ida ita ce a sami tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, kai ma ka san gidaje nawa ne a cikin gari ke da wannan filin. Sannan ka leƙa jarkar kanta. Wata za ka tarar cikinta ya yi kore da gansakuka, wata kuma da can man gyaɗa ko kalanzir aka zuba a ciki, aka ɗauraye sama-sama. In ka sansana ka ji ko da alamar warin fetur ko kalanzir, kada ya kusanci kwanon. Maganin ruwan garuwa mai sauƙi ne: tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ka sauke, ka rufe, ya huce sarai. Mesa ɗaya ba ta shan abin da zai ƙarar maka da gas. Alif da ake jefawa a ruwa laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, kada hasken ruwan ya ruɗe ka.

Akwai abin da tafasawa ba ta iyawa. Wanda ke zaune kusa da Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, inda masana'antun jima da na rini ke zubar da ruwansu, ko gefen Jakara, ya sani cewa wuta ba ta fitar da sinadaran ƙarfe irin su kuromiyom da dalma daga ruwa. Ruwan ne ke tashi ya zama tururi, su kuma su zauna. A irin wannan wurin, rijiyar da ba a gwada ruwanta a ɗakin gwaji ba, ni ba zan ba maciji ba, balle yaro.

Ruwan leda shi ne mafita ga yawancin masu kiwo a Kano, kuma ban ga laifinsa ba. Zaɓi na kamfanin da gidanku ya saba sha, mai lambar NAFDAC, wanda ba a jibge shi a rana ya yi kwanaki har ya ɗauki ɗanɗanon leda ba. Leda ɗaya ko biyu sun cika kwanon ƙaramar mesa. Na gora ma ya yi, kuɗi ne kawai ya fi ci. Ruwan da zan hana ka kai tsaye shi ne wanda ake sayarwa don batir. Ko da tsantsar tataccen ruwa ne, an cire masa duk gishirin ma'adinan da jiki ke buƙata, kuma ba ka da tabbacin ba a gauraya shi da asid ba. Haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ya ratso ƙura da tsatsa. Ruwan sama da aka tara daga kwanon rufi yana da kyau idan an bar na farko ya wanke kashin tsuntsu da na ƙadangare, sannan aka tafasa. Madara ko nono kuwa, duk da labarin da ake yi cewa maciji na son su, cikinsa ba ya narkar da su, zawo kawai za ka jawo masa. Kada ka zuba gulukos ko bitamin a kwano. Suna sauya ɗanɗanon ruwan har ta ƙi sha, kuma a zafinmu abinci ne ka ba ƙwayoyin cuta.

To, batun ɗumi, wanda nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren daga hannu yake farawa. Fatar hannunka tana wajen digiri 33. Duk ruwan da ka tsoma hannu ka ji ya yi ɗumi mai daɗi, ya haura 35, wataƙila ya doshi 40. Wannan ruwan wankan jariri ne, ga mesa kuwa ya yi zafi. Ruwan da ya dace da ita, a hannunka za ka ji shi salam, ko ma ɗan sanyi-sanyi. Saboda haka ka nemi ma'aunin zafi. Na asibiti da ake sakawa a hammata ba zai yi ba, don daga wajen 32 yake fara karatu. Nemi mai ɗan waya da ake tsomawa a ruwa, irin na masu ƙyanƙyasar ƙwai, ko irin wanda aka riƙa haska mana a goshi lokacin korona, in yana da wurin da ake juya shi ya auna zafin abu. Da wannan na biyun, saman ruwan za ka haska, ba jikin kwanon silba ba, don ƙarfe mai ƙyalli yana sa shi ƙarya.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, Kano tana kai digiri 40 da rana, wani lokaci ta wuce. Je ka buɗe famfon da ke saukowa daga baƙin tankin roba na saman gida da ƙarfe uku na yamma, ka ji yadda yake ƙona hannu, har alwala sai an jira. Wannan ruwan in ka zuba mata shi kai tsaye, ka cuce ta. Amma ƙanƙara ma ba gyara ba ce. Mesar da zafi ya dama za ta faɗa cikin kwanon ta kwanta, jikinta ya faɗo daga talatin da wani abu zuwa ƙasa da ashirin cikin ɗan lokaci. In akwai ɓera a cikinta, narkewar abinci sai ta tsaya, bayan kwana ɗaya ko biyu ka tarar ta amayar da shi yana wari, kuma amai a wurin maciji ba ƙaramin abu ba ne, yana ɗaukar makonni kafin cikin ya koma daidai. Ga kuma ciwon huhu da ke biyo bayan irin wannan hawa da sauka. Sannan ƙanƙarar da ake sayarwa a leda, wa ya san da wane ruwa aka yi ta?

Abin da ya fi firji dacewa da wannan aikin yana nan a tsakar gidan iyayenmu, wato randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa a iska, ya tafi da zafi, sai na ciki ya sauko ya yi sanyi mai laushi, ba mai sa haƙori tsami ba. Da wannan dabarar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Zuba tafasasshen ruwanka ko na leda a randa ko tulu mai murfi, ka ajiye a inuwa, daga nan ka riƙa ɗiba da moɗa mai tsabta. Ruwan firji kuwa sai ka fito da shi ya sha iska, ko ka sirka shi, ma'auni ya nuna ya haura 22 kafin ka zuba.

Sai dai ka sani, kwano ɗan ƙarami ne. Kowane irin ruwa ka zuba, kafin wani lokaci ya koma zafin akwatin. Don haka in akwatin ya yi zafi, akwatin za ka gyara. Wannan mesar tana son gefe ɗaya mai ɗumin 31 zuwa 33, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 27, ta riƙa kai-komo tsakaninsu yadda jikinta ya buƙata. Kwanon ruwa a gefen sanyi yake zama. Idan duk akwatin ya haura 35 ya zauna a haka, babu inda za ta gudu, ana cikin haɗari, kusa da 40 kuma ana maganar mutuwa ne. Ɗakin da ke da rufin kwano babu silin yana kai wannan a watan Afrilu. Sauko da akwatin ƙasa kan siminti, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga. A nan ne ƙanƙara ke da amfani: daskarar da ruwa a gora, ka naɗe ta da tawul, ka ɗora a saman akwatin ta gefen sanyi, daga waje. Sanyin zai sauka a hankali ba tare da ya taɓa jikinta ba.

Da hunturu lamarin ya juye. A Disamba da Janairu daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan da ya kwana a bokiti a tsakar gida kuwa ka san yadda yake yanka hannu da asuba. Shi kam sai an sirka. Ɗan ɗiga na fulas a ciki, ka juya, ka auna, ya tsaya wajen 25. Amma a nan ma ɗumin akwatin ne babba. In an ɗauke wuta da dare, gorar ruwan zafi da aka naɗe da tawul, a jingine ta a jikin akwatin daga waje, tana riƙe ɗumi sa'o'i. Kada ka kai kaskon gawayi ɗakin ka rufe ƙofa, hayaƙin da ba a gani zai iya kashe ku duka biyun.

Babbar matsalar hunturu ma ba sanyin ba ce, bushewar iska ce. Mesar nan tana son danshin iska kamar kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, ya ɗan ƙaru idan za ta yi saɓa. Iskar hunturun Kano kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 20, irin wadda ke fasa mana leɓe da dunduniya. A lokacin ne ake kawo mana macizai saɓa ta maƙale musu guntu-guntu, murfin ido ya lotsa, fata ta yi tamoji. Maciji mai isasshen ruwa yana tuɓe saɓarsa gaba ɗaya, daga baki har wutsiya. Akwai kuma alamar da mai kiwo zai riƙa dubawa ba sai ya je ko'ina ba. Maciji ba ya fitsari irin namu, wani farin abu yake fitarwa tare da kashi. In ya fito fari da laushi, lafiya lau. In ya fito da tauri, yana gurzar hannu kamar tsakuwa, ya yi ɗorawa-ɗorawa sosai, ruwa ya yi ƙaranci a jiki, kuma in aka daɗe a haka ƙoda ce ke biya. A wannan lokacin na shekara nakan ce a ƙara kwano na biyu mai faɗi a gefen ɗumi don ya riƙa ba da danshi, a kuma sa mata robar da aka huda wa ƙofa, da jiƙaƙƙen tawul da aka matse a ciki, ta shiga in ta so. Da damina ta sauka, musamman Agusta, sai a janye waɗannan, don shimfiɗar da ta zauna a jiƙe tana ruɓar da ɓawon cikinta.

Idan saɓa ta maƙale har ya zama sai an jiƙa ta, ruwan ya kasance digiri 27 zuwa 30, zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinta, minti 15 zuwa 20, kana tsaye a wurin. Ba a yin haka sai an yi kwana biyu da cin abincinta. Murfin ido kuma kada ka sa farce ko hantsaki.

Yanzu kwanon kansa, wanda a wurina ya fi tushen ruwan muhimmanci. Na sha ganin mai ba macijinsa ruwan gora mai tsada a kwanon da ya yi mako ba a wanke ba. Shafa yatsa a cikin kwanon da ya kwana biyu a zafin Kano, za ka ji wani santsi mai yauƙi. Ƙwayoyin cuta ne suka yi gida, kuma irinsu ne ke kawo ruɓewar baki, inda za ka ga dasashi ya kumbura da wani abu kamar cuku a gefen baki. Ƙara ruwa a kan na jiya ba canji ba ne. Zubar, wanke da sabulu da soso na musamman da ba ya shiga kicin, ɗauraye sosai, sannan ka zuba sabo. Da yamma ya fi, don da dare take fitowa, ta tarar da shi sabo. In ta yi kashi a ciki, a take za a canza. Sau ɗaya a mako jiƙa kwanon a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi talatin na ruwa, minti goma, ka ɗauraye har warin ya ɓace, ya bushe. Dettol da Izal da danginsu kada su taɓa kwanon ko akwatin, sinadarin da ke cikinsu guba ne ga dabbobi masu jan ciki. Kwanon ya zama na tangaran ko silba mai nauyi da faɗin gindi, wanda ba za ta kifar ba, ya ɗauki jikinta in ta naɗe, a cika shi rabi don kada ya yi ambaliya in ta shiga. Kaskon ƙasa da ba a yi wa ƙyalli ba yana shan datti ta ƙofofinsa, yana kuma jiƙa shimfiɗa, don haka yumɓu a bar shi a randa. Ranar da za a fesa maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya, a fitar da akwatin gaba ɗaya daga ɗakin, kuma kada a kunna na hayaƙi kusa da ita.

In gidanku akwai kunkuru, kada su haɗa kwano ko soso. Kunkuru yana iya ɗauke da wata ƙwayar cutar hanji ba ta dame shi ba, ta shiga maciji ta ruwa ta kashe shi.

Kada ka damu don ba ka taɓa ganin tana sha ba. Cikin dare take yi, ta tsoma baki, ka ga gefen muƙamuƙinta yana motsi a hankali, ba lasa take da harshe ba. Tana kuma samun ruwa daga ɓeran da ta haɗiye. Abin da zai sa ka tsaya ka duba shi ne ka ga ta tare a cikin kwano kwana da kwanaki ba lokacin saɓa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ko akwatin ya yi zafi, ko ba ta da maɓoya, ko ƙwari ne suka addabe ta. Ɗaga ta ka dubi gindin kwanon. In ka ga baƙaƙen ɗige-ɗige ƙanana sun nutse, ka murje ɗaya a farar takarda ya bar jan tabo, ƙwarin macizai ne masu shan jini. Waɗanda aka kamo daga daji kuma sukan zo da kaska a maƙale tsakanin ɓawo. Wannan, da numfashi da baki buɗe, da kumfa ko majina a hanci, da amai, duk na likitan dabbobi ne, ba na mai kemis ba. Ba kowane likita ne ya saba da macizai ba, ka tambaya kafin ka ɗauke ta, in ta kama a dangana da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Duk bayanin nan a kan mesa mara dafi nake yi. Wanda ya ajiye kububuwa ko kasa ko gamsheƙa a gida, wajen canza ruwan nan ne hannu ke shiga akwati kullum, kuma asibitin Kaltungo da ya shahara da maganin saran maciji yana can jihar Gombe, ba nan kusa ba.

Saura kai da iyalinka. Macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ko da suna cikin ƙoshin lafiya, kuma tana sa mutum zawo da zazzaɓi, ta fi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ciki da tsofaffi. Ruwan kwanon a masai za ka juye shi, ba a wurin wanke-wanke ba, ba kuma a gindin zogalen da ake tsinka ana miya ba. Butar alwala da moɗar randar gida kada su shiga wannan aikin, ware mata nata. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko ka ɗauki yaro.